Hoton Inna Daga Ƙarshen Fili

Gilashin ya shigo hannuna ne a shekarar da hannun maigidana ya fara rawa. Shi ya koya mini ɗaukar hoto a wani ɗan shago da ke bakin titi a unguwar Mabera, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, mutum ya fito yana warin magani. Wata safiya ya jawo wata baƙar jaka daga ƙarƙashin tebur ya turo mini ita da ƙafa, domin shi ko alheri zai yi maka sai ya yi shi kamar ana faɗa.

"Amshi," in ji shi. "Kai ad da kahwaɗa yanzu. Ni in na ɗaga shi, ɗan ƙwallo guda sai in gan shi ukku."

Na san abin da ke cikin jakar, don na daɗe ina haɗiyar miyau a kansa. Dogon gilashin kyamara ne, fari, wanda ake murzawa ya jawo abin da ke nesa ya kawo maka shi gaban hanci. Tsawonsa ya kusa kamu guda, ga nauyi. 'Yan unguwa suka sa masa suna taɓarya, kuma ban ga laifinsu ba. Sau da yawa an tsayar da ni a shingen bincike an ce in buɗe jaka, in na buɗe kuma sai ka ga an ɗan ja da baya kafin a tambaye ni me yake harbawa. Har yau in na yi wa iyayena addu'a ina haɗawa da mutumin nan da ya ba ni shi.

Abin da ya raba shi da sauran gilasan da na taɓa riƙewa shi ne faɗin idonsa. Yana shan haske da yawa cikin ƙiftawa. A garinmu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu mai hankalin da zai buga ƙwallo da tsakar ranar Sakkwato. Sai bayan La'asar ake fara wasa, kuma kafin a tashi rana ta yi ja, haske ya fara guduwa. A daidai lokacin da sauran masu hoto ke naɗe kayansu suna tsaki, ni a lokacin nake samun abincina. Ɗan wasa ya yi tsalle zai sa kai, gilashin ya tsayar da shi cak a sama, har da zufan da ke tashi daga goshinsa. Abin da ke bayansa kuwa, 'yan kallo ne, katanga ce, masu sayar da rake ne, duk sai su narke su zama launi kawai, mutumin da ka nufa ya fito shi kaɗai.

Ban iya shi nan da nan ba. Makonnin farko na sare kawunan 'yan ƙwallo ba adadi, na ɗauki ƙafafu babu gangar jiki, na ɗauki ciyawa kyakkyawa ƙwarai ba kowa a kanta. Wuyana ya ƙage, matata ta gaji da gasa mini kafaɗa da ruwan zafi. Sai da na bi 'yan kokawa zuwa Wamakko bayan kaka, lokacin da aka gama yankan gero jiki ya samu, sannan na gane cewa ba a bin abin da ke motsi, jiran sa ake yi. Ka buɗe idanunka duka biyu, ɗaya a cikin kyamara, ɗaya a fili. Ka kalli ƙugun ɗan kokawa, kada ka kalli hannunsa, don hannu ƙarya yake yi. In ka ga ƙugu ya nutsa, danna ka riƙe, kyamara ta yi ta ɗauka a jere har ƙura ta lafa.

Don wasanni aka ba ni shi, amma a hoton fuska ya fi yi mini rana. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mutanenmu hoto ya san halinsu. Mutum yana cikin raha da dariya, da ka ɗaga kyamara kusa da shi sai ya haɗe rai, ya sandare, ya zaro ido kamar an kira shi gaban alƙali. Da dogon gilashi kuwa sai in tsallaka titi in tsaya can, in bar mutum da harkarsa. Ba a jimawa ya manta da ni. Haka na ɗauki wani dattijo mai sayar da yadi yana auna shadda da kamunsa, bakinsa na ciniki idonsa na dariya, 'ya'yansa suka ce ba su taɓa ganinsa a hoto yana kama da kansa ba sai ranar. Haka na ɗauki wani direban babbar mota daga kamfanin siminti na Kalambaina, siminti bai gama fita daga girarsa ba, yana son hoton da zai aika gidan su budurwarsa. Na ajiye shi can ƙarshen lungu, na sa abokinsa ya yi ta yi masa tsiya a kan tsohuwar hularsa. Na ji an ɗaura auren, ban sani ba ko hoton ne ya taimaka.

To ga inda abin yake. Na ɗauki rabin garin nan hoto, amma ba ni da hoton fuskar mahaifiyata ko ɗaya.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a gida irin namu ya riga ya gane sauran bayanin. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni. Da aka yaye ni, kakata ta ɗauke ni zuwa Wamakko, a gindinta na yi wayo, sai da karatu ya taso aka maido ni birni. Na dawo na tarar da ƙannena suna hawa jikin Inna suna sauka, tana yi musu faɗa tana kiran sunayensu tun daga ƙofar gida. Ni kuwa sunana a bakinta "wancan". Ina zaune a tsakar gida, tana ganina ina ganinta, sai ta juya wajen ƙanwata mai bi na.

"Ki ce ma wancan tuwo na nan ruhe."

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba a taɓa barina da yunwa ba, kuma na lura tun ina yaro cewa kwanon da ake rufe wa wancan ya fi na kowa tsokar nama. Kowa ya gaya mini kunya ce, alkunyar ɗan fari, haka uwarta ta yi wa nata, haka ita ma ta taras. Na yarda. Na girma na yi gemu ina gaya wa wasu haka. Amma akwai bambanci tsakanin abin da aka gaya maka da abin da ka gani, kuma ni sana'ata gani ce. Ina so in ga yadda fuskar matar nan take in ta dube ni. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ban taɓa gaya wa kowa ba, don namiji mai iyali ba ya zama a majalisa ya ce shi yana son uwarsa ta kalle shi.

Na gwada ta hanyar sana'a. Ranar sunan 'yata ta fari na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka, da na iso kanta sai ta ja mayafi ta rufe har hanci.

"Ɗauki ƙannenka," ta ce, tana kallon bango. "Ni mi za a yi da huskata?"

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na tafiyarta Makka. Ana buƙatar ƙaramin hoto na takardu, ga ɗanta da shago, ga farin ƙyalle a rataye, ga fitilu. Sai kawai na ga hoton a hannun ƙanwata, an ɗauko shi a shagon wani yaro da ko daidaita haske bai iya ba, ya mai da Inna baƙa ƙirin, goshinta na ƙyalli. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ƙanwata ta bari sai da na sauka, sannan ta ce:

"Yaya, cewa tay yi ba ta iya zamnawa gabanka kana ce mata ta ɗaga kai ta dube ka."

Wannan mummunan hoton shi kaɗai ne muke da shi, shi ma hukuma ta riƙe kwafi biyu, na ukun ya ɓace a cikin kaya.

Bayan 'yan shekaru hawan jini ya kwantar da ita a asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ta tashi da sanda, kuma ni na fito daga asibitin nan da tsoro a cikina. A sana'armu kusan kowane mako sai wani ya shigo da ɗan tsohon hoto da ya ci ruwa, ya ce uwarsa ce ta rasu, a taimaka a gyara a faɗaɗa masa. Nakan karɓa in yi iya ƙoƙarina. Yanzu sai na fara tunanin ni ko abin da zan kai a gyara mini ba ni da shi. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in laɓe a zaure da taɓaryata in ɗauke ta tana tsintar shinkafa. Gilashin zai iya, ko daga soron maƙwabta ne. Amma zuciyata ba ta ba ni ba. Uwa ce, a cikin gidanta, ba lulluɓi. Kuma ko na ɗauka, shinkafa take kallo.

'Yata ce ta fitar da ita daga gida, ba tare da ta san me ta yi ba. Ita ma 'yar fari ce, amma ni ban iya alkunyar ba. Ina kiran sunanta, ina aza ta a gaban babur mu zaga gari. Inna takan ce da ƙanwata, da ƙarfi yadda zan ji, "Mutanen yanzu ba su da ta ido. Ɗiyah hwari a ɗauke ta ana yawo da ita kamar rediyo?" Amma tsakaninta da jikar babu wannan shamaki, ƙawaye ne, kullum suna cikin tsokanar juna. Da makarantar su yarinyar, can cikin Mabera, ta shirya gasar guje-guje ta shekara, aka sa ta a gudun miƙa sanda, sai ta je ta tsaya a kan kakarta.

"Inna, in ba ki zo ba, ba ni gudu."

"Ke da waɗanga ƙahwahu naki kamar tsinken tsire? To za ni zo, in ga yadda za a baro ki baya."

Makarantar ni ta ɗauka aikin hoton ranar. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, sama ta yi wasai, filin ma da sauran kore. An kafa rumfunan iyaye a gefe guda, mata a tasu, maza a tasu. Na hango ƙanwata ta kawo Inna ta zaunar da ita a layin gaba saboda ƙafarta. Ban je ba, don na san in na je gaisuwa za ta sunkuyar da kai ne ta amsa wa ƙasa. Na wuce can ɗaya ƙarshen filin, nesa sosai, inda nake ganin masu gudu suna tahowa su ratsa ta gaban rumfa. Daga can, da ido kawai, mutanen rumfar ba su wuce tarin mayafai masu launi ba. Na aza gilashin a kan sandarsa mai ƙafa ɗaya na shiga aiki.

Aka yi gudun buhu, aka yi na ƙwai a cokali, malamai ma suka yi nasu, wani mai tumbi ya faɗi yara suka samu abin dariyar shekara. Sannan aka kira gudun 'yan mata. Na ga tawa ta karɓi sanda, ga hijabi na tashi a bayanta, ƙafafun tsinken nan suna aiki ba wasa. Na kama ta a cikin gilashi, na danna na riƙe, ina bin ta. Tana isowa daidai rumfar mata sai wata ta sha gabanta, ita kuma ta buɗe ta waje da saurin da ban yi zato ba, ta fice mini daga cikin hoto gaba ɗaya. Shi kuwa gilashin, in ya rasa abin da yake bi, sai ya kama duk abin da ya samu a baya. Ya kama rumfa. Kafin in ɗaga yatsa in sake nemo ta, kyamara ta zuba hotunan 'yan kallo a jere, yarinya kuma ta riga ta miƙa sanda. Na yi tsaki, na zagi gilashin da na saba yi wa kirari. Shekara nawa ina ɗaukar 'ya'yan mutane, yau ga tawa na ɓarar.

Da aka tashi na koma shago, na yi Azahar, na zauna gaban kwamfuta ina tace hotuna. Aiki ne na rashin tausayi, wanda bai fito ba a goge shi. Na samu na 'yata masu kyau kafin ta kuɓuce mini, hankalina ya ɗan kwanta. Sai na iso kan na rumfar, na ɗora yatsa zan share su duka.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kawunan. Duk matan da ke layin sun juya gefe guda suna bin masu gudu, wasu sun miƙe, wasu baki buɗe. Ƙanwata har ta ɗaga hannu biyu. Fuska ɗaya ce kawai ba ta juya ba, kuma a kanta gilashin ya sauka, ta fito tar, har da zanen da ke kumatunta. Inna ce. Ta kare rana da tafin hannu a goshi, tana kallon cikin kyamarata sak.

Na ce a raina wataƙila dacewa ce. Na koma baya, kan hotunan da yarinyar ke gudu, inda rumfar ta narke. Ko a narken ana gane mayafinta, kuma kanta bai motsa ba tun daga farko har ƙarshe. Jikarta ta taho, ta ratsa ta gabanta, ta wuce, ita tana kallon ƙarshen fili. A ƙarshen filin nan kuwa babu kowa sai ni.

Ita a lissafinta na yi nisa. Tana ganin ɗan mutum can tsugune da farin abu a kafaɗa, ta tabbata ba ya ganinta, kamar yadda ita ma ba ta ganin idonsa. Duk shekarun nan tana jin ana cewa gilashin ɗanta yana jawo nesa, ba ta taɓa leƙawa ta ga iya inda yake kaiwa ba. Sai ta saki fuskarta. Ban san yadda zan kwatanta kallon ba, kuma ba zan ƙaƙalo ba. Na dai san shi, don haka matata ke kallon yaranmu in suna barci.

Na ci gaba da dannawa ɗaya bayan ɗaya. A na gaba ta sauke hannun daga goshi ta kawo shi kusa da baki, leɓɓanta a buɗe kaɗan. A na bayansa sun sake wani fasali, tana karanta wani abu. A na ƙarshe ta tsuke baki, ta ɗan ɗaga haɓa, tana tofa addu'ar ta wajena. Na sha ganin ta yi wa ƙannena haka a ka in za su yi tafiya. Ni ban taɓa samu ba, ko in ce ban taɓa sanin ina samu ba.

Na tashi na saki labulen shago na zauna na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Ba na baƙin ciki ba ne. Godiya ce ta yi mini yawa na rasa inda zan sa ta: ga Allah, ga dattijon da ya turo mini jaka da ƙafa, ga yarinyar da ta sha gaban 'yata, har ga gilashin da na gama zagi ɗazu.

Na kwana biyu ina shawara da kaina ko in nuna mata. In na nuna, na kama ta a abin da ta ɓoye tun ina cikin zani, kuma ban san ko za ta yafe wa kyamara wannan ba. In na ɓoye, na zama mai riƙe da abin da ba a ba shi ba. Daga ƙarshe na wanke hotunan yarinyar, na sa na Inna a ƙarƙashinsu, wanda ta kare rana da hannu, na tafi gida da hantsi lokacin da na san ƙanwata ta tafi aiki, babu wanda za a aika da magana.

Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana gyara bakin zani. Na ajiye hotunan a gabanta.

"Inna, ga na jikakki, na ranar gudu."

Ta ɗauka tana dubawa ɗaya ɗaya, tana kai su kusa da ido. "Dibi wagga," ta ce da hoton, "kamar an biyo ta da bulala." Ta yi 'yar dariya. Ta ɗaga na gaba, ta ɗaga na gaba, sannan ta iso na ƙarshe.

Ta daɗe a kansa. Ina jin tattabarun maƙwabta. Na ga hannunta ya tashi zai ja mayafi, sai ya tsaya a hanya. Tausayinta ya kama ni, na ga gara in buɗe mata ƙofar fita.

"Nan kina kallon jikakki na," na ce.

Ba ta ɗago ba. "Ita ai ta wuce," ta ce.

Ta shafa gefen hoton da babban yatsa, ta kife shi a cinyarta.

"Ran nan tun hantsi kana cikin rana," ta ce a hankali, "ban ga ka sha ruwa ba ko so guda."

Ta dogara sandarta ta miƙe. Na yunƙura zan taimaka, ta ɗaga mini hannu. Ta taka har gindin randa, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta dawo tana tafe yana ɗan zuba, ta miƙo mini. Daga teburin mai shayi na fito, ba na jin ƙishirwa ko kaɗan. Na karɓa da hannu biyu na shanye shi duka.